Gwaggo Ba Ta Kwance Kaya Ba

Ranar da muka fara zaman makokin Gwaggo, maƙwabciyata malamar asibiti ta shigo da sallama, idonta jawur, ɗanta a baya. Ta gaisa da matan da ke tsakar gida, ta wuce kai tsaye gindin bangon da Gwaggo ke zama, ta kwance goyo, ta sauko da yaron ta miƙa shi. Sai da hannunta ya tsaya a sama babu mai karɓa sannan ta tuna abin da ya kawo ta. Tabarmar tana nan a shimfiɗe, mai tabarmar kuwa tun bayan sallar Juma'a maza sun kai ta makwancinta. Ta rasa inda za ta ajiye yaron, sai ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka.

Wata tsohuwa ta dafa ta tana cewa, "Yi haƙuri ɗiyata. Sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba."

Ni da na san gidana na san ba sabo kaɗai ba ne. Akwai Litinin a cikin kukan nan, kuma akwai ta a cikin nawa. Gwaggo ta rasu ranar Juma'a, za a yi sadakar uku ranar Lahadi, gari na wayewa kowace za ta koma bakin aikinta, kuma babu wadda ta san hannun da za ta miƙa wa ɗanta. Ni kaina ina da na goye wanda ko yaye ban fara tunani ba. Muna jan carbi muna cewa Allah ya jiƙanta, zuciya kuwa tana can tana lissafin safiyar Litinin. Ban taɓa jin kunyar kaina kamar a zaman nan ba.

A waje maza suna ta yaba mutuwar Juma'a. A ciki yara sun cika gidan, don iyayensu ba su da inda za su bar su ko da na zuwa gaisuwa ne. Wani ɗan mitsitsi da bai iya magana sosai ba ya yi ta ɗaga labulen ɗakinta yana leƙawa yana kiran "Gaggo". Mutum ɗaya ce ban ga hawayenta ba, ƙanwar Gwaggo da ta zo daga ƙauyensu na bayan Bungudu. Ta zauna ta haɗe baki, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce "Allah shi ba da lada", ba ta ƙara ko harafi.

Tun ranar Asabar na lura idanun matan unguwa sun fara sauka a kan Inna, mahaifiyata, wadda ta zo daga Tsafe. Har na ji wata tana raɗa wa wata, "Ai ita kaɗai ta a gida tun rasuwar mijinta. Mi take yi Tsahe?" Da waɗannan kalmomin muka riƙe Gwaggo. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da ita, kuma don kada a tuna ta rabi da rabi.

Gwaggo yayar Babana ce. Ni 'yar fari ce, haihuwata ta farko gida na tafi wanka kamar kowa. Da ta biyu ta zo, ga aikin koyarwa a wata makarantar gwamnati a nan Gusau, ga babbar 'yata da hidimarta, tafiya Tsafe ba ta yiwu ba. Inna kuwa tana kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Sunana ba ya fita daga bakinta, balle ta zo ta tare a gidan surukinta. Sai Baba ya aika wa yayarsa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta haihu amma 'ya'yan ba su zauna ba. Ta iso da hantsi a bayan ɗan kabu-kabu, buta a hannu, ƙunshi a cinya. Ƙunshin tsohon zane ne aka ɗaure bakinsa huɗu, a ciki akwai 'yan tufafinta da wata 'yar kwalla ta goro. Na buɗe mata durowar kaya na ce ta zuba.

Ta ce, "Bar shi nan lungu. Kwana arba'in ai ba zama ba na."

Ga wanda bai san al'adar ba, tsohuwar da ta zo wankan jego ba ta sallamar kanta. In an yi arba'in, mai jego ce ke fito da turmin atamfa da sabulu da ɗan abin da ya sawwaƙa, ta durƙusa ta ajiye a gabanta ta yi godiya. Wannan shi ne sallama. Kafin a yi haka, ko ta ƙosa ba za ta buɗe baki ta ce za ta tafi ba, don kada a ce ta gaji da jininta. Na san wannan sarai. Tun kafin arba'in ta cika na shiga kasuwa na sayo turmin, shuɗi mai zanen ganye, irin wanda na ji ta yaba a jikin wata ranar suna.

Ana cikin haka hutun haihuwata ya zo ƙarshe, na shiga yawon neman inda zan riƙa ajiye jaririya. Na je wata makarantar kuɗi mai ɗakin reno, an zana tsuntsaye a bango, fanka tana juyawa, yara kwance a kan katifu masu tsabta. Raina ya biya. Da matar ta faɗi kuɗin zango, ta ɗora na abinci, ta ɗora na wani abu da ta kira rajista, sai na yi dariya don na ɗauka zolaya ce. Ita ba ta yi dariya ba. Na duba na ga in na sa hannu, ni da albashina sai dai mu riƙa gaisawa a hanya. Ajin ƙananan yara na firamaren unguwarmu kuwa sai wanda ya iya tafiya da magana, kuma ko su a cunkushe suke. Wata ta ba ni shawarar in sa a kawo mini yarinya daga ƙauye. Na je na ga irin yaran da ake kawowa, su kansu reno suke nema.

Ranar arba'in na yi kwalliya na zaga dangi, na dawo na wuce akwatin da turmin yake ban buɗe ba. Na zauna kusa da ita na ce, "Gwaggo, ko za ki ƙara muna kwana biyu, kahin in samu inda zan riƙa aje ta?"

Ta ce, "Kwana biyu ai ba komi."

Jaririyar nan ita ce daga baya take karanta wa Gwaggo rubutun da ke jikin kwalbar maganinta.

Ban san yadda aka yi gidana ya koma gidan reno ba, ko kuwa na sani ina dai kau da kai. Malamar asibiti ce ta fara, mai yi mata reno ta yi aure, ta roƙi alfarmar yini ɗaya. Sai matar da ke awon hatsi a kasuwa. Sai mai ɗinki ta bayan layi. Kowace da yini ɗaya take farawa. Kafin shekara ta zagayo, da safe ƙofar gidana ta fi ta makarantarmu cika. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, dambu in ya yi yawa fa ba ya jin mai." Ta ce, "To wa zan kora? Zaɓo min." Ban zaɓa ba. A gaskiya ma daɗi nake ji, don yawan masu kawowa ya sa laifin ya daina zama nawa ni kaɗai.

Ba ta kiran yaro da sunan yanka. Kowa da laƙabin da halinsa ya jawo masa. Akwai Sarkin Kuka, akwai Hajiya Ba-ni, akwai Alƙali wanda ba a raba ƙosai sai ya duba na kowa. Ɗana na goye Mai Unguwa take ce masa, wai tun yana zanen goyo yake harare-harare. Da ƙwallon tsamiya take koya musu ƙirga. Ba mai sa hannu a kwano sai ya wanke ya yi bisimilla, kuma duk wanda ya shigo bai gaishe ta ba sai ya koma zaure ya sake shigowa, ko da kuwa uwarsa ta makara. Takan yi musu tatsuniya da rana tsaka, abin da tsofaffi ke hanawa. Da na tsokane ta, cewa ta yi, "Da dare suna wurin uwayensu masu latse-latsen waya. In ban yi da rana ba, yaushe za su ji?"

Ba waliyyiya ba ce, kada in yi mata ƙarya bayan ranta. Bakinta ya fi barkono. Tana ɗura wa jarirai jiƙe-jiƙe a ɓoye, sun sha yin ta da malamar asibiti a kan haka. In yaro ya ƙure ta takan murɗe masa kunne, in uwar ta yi magana ta ce, "Ɗauki abinki ki tahi da shi ohis." Ta san babu mai iya ɗauka.

Faɗa mafi girma da na ga ta yi, a kan biya ne. Malamar asibiti ta tara mu ta ce abin nan ya yi yawa, mu riƙa haɗa mata wani abu duk ƙarshen wata. Muka haɗa, aka sa a ambulan, aka kai mata. Gwaggo ta kalli ambulan ɗin kamar an ajiye mata mushe.

Ta ce, "Mi na wanga?"

Malamar asibiti ta ce, "Ɗan na goro na, Gwaggo, saboda wahalar da kike yi da ɗiyanmu."

"Goro a takarda? Ni kunka mayar 'yar aiki? Jikokina nika riƙo. In haya kuke nema ku tahi inda ake haya."

Yini biyu ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Muka ba ta haƙuri, muka koma kawo sabulu da goro da ɗan tsire in an yi albashi. Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu shi ne, da ta mayar da ambulan ɗin wani sanyi na ji, kuma na ga irin sanyin a fuskokin sauran. Mun sami reno a kan farashin goro, kuma ita da bakinta ta yanke. Sai daga baya na gane abin da fushinta ya jawo mata. Da ta karɓa, da ta zama ma'aikaciya, ma'aikaciya kuwa tana da ranar hutu, tana da bakin cewa ta bari. Ita ta zaɓi zama uwa kuma baƙuwa, su biyun kuwa babu mai tashi sai an ce ta tashi.

Akwai wata baiwar Allah da rashin zaman lafiya ya koro daga wajen Magami, tana bin gidaje tana wankau da ɗanta a baya cikin rana. Wata rana ta zo yi mini wanki, Gwaggo ta ga yadda kan yaron ke lilo duk lokacin da uwar ta sunkuya. Ta ce, "Kawo shi nan." Daga ranar ya shiga cikin 'yan tabarma. Yaron yana da ƙuraje a hannu da ƙafa, iyaye suka fara gunaguni, aka turo ni in yi magana. Na je ina kame-kame. Gwaggo ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauki yaron ta goya shi a bayanta, wurin da ko 'ya'yana sai sun yi zazzaɓi suke samu.

Ta ce, "Ɗa na kowa na. Wadda ke tsoron ƙuraje, ga malamar asibiti nan, ta kawo magani. Wadda ke tsoron talauci kuwa, wanga ba ni da maganinshi."

Aka kawo magani, ƙuraje suka warke, gunaguni ya mutu. Matar nan ita ce ta fi kowa zama a makoki, ita ta wanke duk tukwanen sadaka ba wanda ya sa ta.

Duk tsawon shekarun nan ƙunshin yana lungu. In ta wanke tufafinta sun bushe, sai ta ninke, ta kwance ƙunshi ta saka, ta mayar ta ɗaure. Durowar da na ba ta har ta rasu littattafan yara ne a ciki. Kullum ina shara ina ganinsa, kullum ina zagaye shi da tsintsiya.

Kuma ba wai ba ta faɗa ba. Ta faɗa, da irin bakin da mutanenta ke faɗar abu. In hadari ya fara haɗuwa a gabas takan tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yanzu can an hwara gyaran gona." Tana da 'yar gona a bayan ɗakinta inda take shuka gyaɗa da kuɓewa. Sai in ce, "Allah ya ba da damina mai albarka." In wani ya zo daga ƙauye ta ce, "An ce akuyata ta haihu, biyu." Sai in ce, "Allah ya raya." Wata shekara ta ce, "An ce ɗakina ya hwara yoyo." Na ce za a aika a gyara, na kuwa aika, har ina jin na yi abin kirki. Ni malamar makaranta ce, aikina ke nan gane abin da yaro ke nufi ko bai faɗa daidai ba. Na ji ta sarai, kunnen uwar shegu na yi.

Mukan ce hanya ba lafiya, kuma ba ƙarya ba ne, akwai lokutan da ba mai son bin ta. Amma lafiyar hanyar ba ta hana mu barin ta ta je biki ko gaisuwar mutuwa ta dawo a yinin ba. Ranar Asabar take zuwa, ƙunshi yana lungu, sau da yawa ma da ɗaya daga cikin 'ya'yana a hannunta kamar jingina. Mukan kuma ce, me za ta koma yi, wa take da shi a can? Tana da ɗakinta da ƙanwarta da ƙawayen da suka yi 'yanmatanci tare. Baba da ya aiko ta ya riga ta tafiya, don haka babu mai cewa a mayar masa da yayarsa.

Maigidana ya taɓa cewa, "Wai ba za ki sallami tsohuwar ga ba? Ƙahwahunta fa sun hwara kumbura."

Na ce, "To. Gobe sai ka biya ka yi wa yaran rajista a makarantar reno."

Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba.

Sau ɗaya ta ga turmin. Ina fito da kayan sallah daga akwati, tana zaune a bakin gado tana jijjiga Mai Unguwa, sai ga shuɗin ya leƙo daga ƙasa. Ta miƙa hannu ta shafa shi.

Ta ce, "Wanga na wa?"

Na ce, "Ajiya ta, Gwaggo."

Ta ce, "Mai shi ta yi haƙuri." Ta gyara wa yaron wuya ta fita. Na zauna da zanen a cinyata. Tsakanina da ita taku kaɗan ne, in tashi in durƙusa in ajiye, shi ke nan. Sai na tuna jarrabawa ta kusa, na ce bari a gama zangon nan. Na mayar da shi ƙasan akwati na danne da kayan sanyi.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ranar Laraba ta tashi da zazzaɓi da nauyin ƙirji, ko kunu ta kasa sha. Da safen nan mata suka zo da yara kamar kullum, suka ganta kwance, suka yi cirko-cirko. Wata ta ce, "Ba sai ta ɗauke su ba, idonta kawai ya isa." Ba zan faɗi wadda ta ce ba, don babu wadda ta musa, kuma ni ce na fara saɓa jaka. Na ajiye mata magani da ruwa na tafi makaranta. Da na dawo na tarar ta jawo tabarmarta bakin ƙofa, ta kwanta a gicciye don kada mai rarrafe ya fita. Washegari muka kai ta asibiti. Ranar Juma'a da hantsi ta cika, kalmar shahada a bakinta.

Maigidana ya fita ya dawo da yadin likkafani. Na karɓa na riƙe. Shekara da shekaru ina ɓoye wa matar nan zane, ga shi yau an sayo mata wani cikin gaggawa, fari, ba wanda ya tsaya cewa a bari a gama zango. A nan Gusau aka rufe ta.

Ranar Lahadi bayan an shafa addu'ar uku, ƙanwarta ta miƙe ta yafa mayafi. Na ce ta dakata in haɗa mata kayan marigayiya. Ta shiga ɗakin da kanta, ta ɗauko ƙunshin daga lungu ta ɗora a ka.

Ta ce, "Ba sai an haɗa ba. A ɗaure suke." A bakin zaure ta juyo ta dube ni, karo na farko tun zuwanta. "Duk shekara nika share mata ɗaki in damina ta kusa. Bana ma na share."

Na bi ta da ido har ta sha kwana, ƙunshin yana tafe a kanta zai koma gida.

Da la'asar gida ya yi sauƙi. Na shiga ɗakin Gwaggo na tarar da Inna zaune a bakin gado da Mai Unguwa a cinya. Inna ba ta yi mini magana kai tsaye in abu mai nauyi ne, sai dai ta bi ta kan wani. Ta ɗaga yaron tana yi masa wasa.

Ta ce, "Kai angona, gobe wa za ya riƙe ka? In mutanen gidan ga na so, sai in yi maka kwana biyu."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya fara zuwar mini. Har na buɗe baki zan yi godiya. Sai idona ya kai lungu. Inda ƙunshin Gwaggo ya zauna fentin bangon ya fi na ko'ina haske, kuma daidai wurin Inna ta jingine jakarta, zif a rufe. Inna tana da ɗakinta a Tsafe. Tana da sana'arta ta ƙuli-ƙuli, tana da Islamiyyar da take zuwa da ƙawayenta, inda a tsufanta ta kusa sauka. Ita ma ba za ta taɓa buɗe baki ta ce ta gaji ba, balle ga 'yar fari.

Na fita na buɗe akwati, na ɗaga kayan sanyi. Na ciro turmin na haɗa da sabulun da ke gidan, na dawo na durƙusa na ajiye a gabanta.

Ta dubi kayan, ta dubi yaron. "Angona, korata ake?"

Na ce, "Sallama ta, Inna. Mun gode. Gobe da sahe in raka ki tasha."

"Shi kuma wanga?"

"Bayana za ya tahi."

Ta ɗauki turmin ta juya shi. Bakin ninkin ya koɗe, takardar da ke manne a jiki ta yi ja. Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ɗago ta dube ni, ni kaina, ba yaron ba.

"Wanga zane an daɗe da daina yayinshi."

Na ce, "An daɗe."

"Ta san da shi?"

"Ta sani."

Inna ta rufe ido. Can ta ce, "Ni ma duk zuwan da nika yi ina ganin ƙunshin ga, ban taɓa ce maki komi ba, don in ta tahi ni za a nema. Allah shi yahe muna." Ta buɗe jakarta ta saka zanen.

Ranar Litinin na raka ta tasha ta shiga motar Tsafe, na hau kabu-kabu da Mai Unguwa a baya na isa makaranta a makare. Shugabar makaranta ta kalli goyon ta kalle ni, ta ce ta ƙyale ni ne don ina cikin makoki. A tsaye na koyar da darasin ranar ina jijjiga, yara suna dariya in ya yi kuka. Malamar asibiti ta nemi canjin aiki ta sha faɗa, mai awo ta yi kwanaki ba ta buɗe rumfa ba. Daga baya muka haɗu muka gyara zauren mai ɗinki, muka ɗauki matar nan ta Magami da wata, da albashinsu da lokacin tashi da ranar hutu. Yana cizon mu duk wata, wasu sun kasa sun janye, kuma ban san ko zai ɗore ba. Sai yanzu muka san nauyin abin da tsohuwa ɗaya ta ɗauka a kan goro da sabulu.

Jiya aka yi mata addu'ar arba'in. Ban gyara fentin lungun ba, kuma na hana a ajiye komai a wurin.

Ya Allah, baƙuwarmu ce da muka riƙe fiye da ƙima, ta iso gare ka ba turmi ba sabulu. Ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da abin da muka kasa. Ka yi mata masaukin da in ta shiga za ta duba ko'ina, ta zauna, ta kwance kayanta.